“Karanta Mini Wannan”: Alfarma Ce Ko Hakki?

A hutun zangon karatun da ya wuce, mu uku daga cikin malaman makarantarmu muka kai ziyara gidan wani dattijo wanda ya koya mana lissafi tun muna 'yan aji ɗaya, daga baya kuma Allah Ya sa muka yi aiki tare da shi kafin ya yi ritaya. Hawan jinin ido ne ya cinye masa gani sannu a hankali, yau shekara shida ke nan ba ya bambance komai sai hasken rana da duhun dare. Bayan mun gaisa an kawo ruwa, hira ta yi nisa, sai ya sa hannu ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai ya jawo wata ambulan, ya miƙo ta wajen da yake jin muryoyinmu, ya ce, “Ɗayanku ya karanta mini wannan, amma a rage murya.” Ashe takarda ce daga banki a kan wani bashi da ya ci lokacin da zai aurar da 'yarsa. Ana sanar da shi cewa an sauya yadda za a riƙa cirewa daga kuɗin fanshonsa, an kuma ba shi mako biyu ya je idan yana da magana. Da muka duba kwanan wata sai muka ga saura kwana uku wa'adin ya cika. Wato kwana goma sha ɗaya ke nan takardar tana kwance ƙarƙashin buzu.

Gidan nan kuwa cike yake da masu ido, kuma babu wanda bai yi boko ba a cikinsu. Muka ce, “Allah gafarta Malam, me ya hana ka ba yara su karanta maka?” Ya yi murmushi ya ce wanda ya kawo ta ya faɗa masa daga banki take, shi kuwa ya san abin da ke tsakaninsa da banki. “Yaron da ka aurar da yayarsa da bashi, shi za ka miƙa wa takarda ya karanta maka yawan bashin? Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.”

Tun daga ranar wata tambaya ta hana mu sakat, ita ce kuma muke son mu gabatar wa 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa. Idan banki, ko kantin magani, ko kamfanin wutar lantarki, ko mai sayar da littafi ya karɓi kuɗin makaho kamar yadda yake karɓar na mai ido, shin isar masa da bayanin da ke rubuce ta hanyar da zai iya fahimta da kansa alfarma ce da za a yi masa in an ga dama, ko kuwa hakkinsa ne wanda ya riga ya biya kuɗinsa? Tambayar kamar mai sauƙi, to amma yadda muke tafiyar da harkokinmu ya nuna mun daɗe da zaɓar amsa ta farko ba tare da mun zauna mun yi tunani a kai ba.

Bari mu fara da tuna baya kaɗan. Waɗanda suka kai shekarunmu sun taso sun tarar da masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya da ƙofar kotu, kowa da ɗan teburinsa. Mutum ya zo ya tsuguna ya zayyana wa baƙo cikinsa kaf, da maganar aure, da ta gado, da ta bashi, a rubuta masa ya biya. Idan amsa ta zo kuma sai ya sake neman ɗan makaranta a unguwa ya karanta masa, kafin magariba rabin unguwa sun san abin da ke ciki. Iyayenmu da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da yawansu ba aikin gwamnati suke nema ba. Abin da ya kai su shi ne su huta da wannan tonon asiri, mutum ya buɗe wasiƙarsa shi kaɗai a ɗakinsa, ya karanta, ya ninke, ya yi shiru. Mu masu ido mun fita daga wannan hali har mun manta ɗacinsa. Amma makaho, ko da kuwa ya yi digiri, ko da shi ne ya koya mana lissafi, mun bar shi a bakin gidan waya yana jiran ɗan makaranta.

Wani zai ce, to ai ana karanta masa, bayanin ya isa gare shi, me kuma ya rage? Abubuwa da dama sun rage. Wanda ake karanta wa takarda ba shi ke zaɓar lokaci ba, sai mai karatun ya sami sarari. Ba shi da ikon komawa baya sau biyar ya sake auna wata jimla, domin kunya za ta hana shi ya ce a maimaita fiye da sau biyu. Mai karatun kuwa yakan tsallake abin da yake gani ba shi da muhimmanci, ya ce, “Sauran duk surutu ne,” alhali sau da yawa a cikin surutun nan ne aka binne sharaɗin da zai cuce shi. Mu kanmu da muka karanta wa Malam takardarsa, sai da ya tsayar da mu ya ce, “Akwai ƙananan rubutu a ƙasa? Ku karanta su.” Akwai su kuwa, kuma mun yi niyyar wucewa. Wannan duk idan mai karatun mutumin kirki ne ke nan. Idan aka yi rashin sa'a maciyin amana ne, sai abin da ya ga dama zai fito daga bakinsa, makaho kuma ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Mukan faɗi wannan karin magana da alfahari, ba mu lura da cewa hukunci ne mai tsanani a kan wanda muka bar wa ji kaɗai, jin ma daga bakin wani.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu duba wani ɓangare na wannan al'amari. A mazhabar Malikiyya cinikin makaho ya halatta, ya saya ya sayar, abin da ake dogara da shi kuwa shi ne a siffanta masa hajar, ko ya taɓa, ko ya ɗanɗana, ko ya sansana, gwargwadon abin da zai gusar da jahiltar abin da ake ciniki a kansa. Ma'ana dai ciniki ba ya tsayuwa a kan duhu. A zamanin da haja ita ce buhun gero ko turmin atamfa, hannu da baki sun wadatar. To amma hajar yau rabinta rubutu ne. Wanda ya sayi magani, ya sayi ƙwaya ne haɗe da bayanin sau nawa za a sha, da ranar da zai lalace, da wanda bai kamata ya sha ba. Wanda ya buɗe asusu a banki, abin da ya saya shi ne sharuɗɗan da ke cikin takarda. Idan aka miƙa wa makaho ƙwayar aka bar bayanin a siffar da ba zai iya kaiwa gare shi ba, a ganinmu an ba shi rabin haja ne an karɓi cikakken kuɗi. Mu ba malaman fatawa ba ne, alli muka sani, amma ko a ma'aunin kasuwa wannan tauye mudu ne.

Mai karatu ya gwada rufe idonsa na yini guda ya ƙirga wuraren da rubutu zai tare masa hanya. Kwalaben maganin tari da na ciwon ido da na shafawa, da yawansu girmansu ɗaya a hannu. Katin wutar lantarki lambobi 20 ne a jere, sai an karanta su an danna ɗaya bayan ɗaya. A wajen masu POS, na'urorin da ake yayi yanzu da yawansu gilashi ne sumul babu maɓallin da yatsa zai lalubo, saboda haka sai makaho ya furta lambar sirrinsa da baki a tsakiyar kasuwa, lambar da bankin da kansa yake gargaɗin kada a faɗa wa kowa. Kuɗin ma kansu haka ne. Takardar naira 200 da ta 500 da ta 1000 duk girmansu ɗaya, ɗan tudun rubutun da ke jikinsu kuwa yakan shafe da zarar takarda ta sha hannu. Da aka sauya fasalinsu a ƙarshen shekarar 2022, abin da ya fi fitowa fili a sauyin shi ne launi, wanda ba ya yi wa makaho amfanin komai. Shi ya sa za ka ga makafi suna ninke kowace takarda da irin nata ninki, wannan gida biyu, waccan gida huɗu, bayan wani ya faɗa musu ko nawa ce. Takardun kuɗin Turai na yuro kuwa kowace da girmanta, babbar daraja babbar takarda. A Amurka, inda dala ɗaya da dala ɗari girmansu ɗaya kamar namu, wata ƙungiyar makafi ta kai gwamnati ƙara a shekarar 2002, kuma a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa wannan tsari ya tauye wa makafi hakki.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya a kan tarihin rubutun makafi, domin akwai darasi a cikinsa da ya shafe mu malaman makaranta musamman. An haifi Louis Braille a shekarar 1809 a wani ƙauye mai suna Coupvray a ƙasar Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka kayan doki. Yana ɗan shekara uku yana wasa a rumfar uban, sai wani tsinin ƙarfen aiki ya soke shi a ido, ciwon ya harbi ɗaya idon, ya makance gaba ɗaya. A 1819 aka kai shi makarantar makafi ta birnin Faris. Littattafan da ya tarar a can, haruffan boko ne na yau da kullum aka yi su manya-manya masu tudu, don yaro ya bi su da yatsa. Masu ido ne suka tsara su, kuma sun yi kyau a ido. Amma yatsa ba ya gane lanƙwasar harafi da sauri, littafi guda ya yi nauyin da yaro ba zai iya ɗauka ba, kuma ɗalibi ba shi da hanyar yin nasa rubutun. Sai wani tsohon soja mai suna Charles Barbier ya zo da wata dabara ta ɗige-ɗige masu tudu har goma sha biyu. Yaron nan ya ɗauki dabarar ya yi ta sassaƙa ta, har ya mayar da ita ɗigo shida kacal, waɗanda kan yatsa ɗaya zai rufe su a taɓawa guda, kuma daga cikinsu ana iya fitar da siffofi 63. Ya kammala wannan aiki a 1824 yana ɗan shekara 15, ya buga bayaninsa a 1829.

Abin mamaki, ɗalibai sun rungumi rubutun nan da nan, amma hukuma ta yi ta jan ƙafa, har an taɓa hana amfani da shi a makarantar. Me ya sa? Saboda malamai masu ido ba sa iya karanta shi sai sun koya, kuma suna ganin bai kamata makaho ya yi rubutun da ya bambanta da na sauran mutane ba. Braille ya rasu a 1852, sai a 1854 aka amince da rubutunsa a hukumance a ƙasarsa. Shekara talatin masu ido suna yanke wa makafi abin da ya dace da su, alhali amsar tana hannun wani yaro a cikin ajinsu. Mu da muke tsayawa gaban allo kullum, wannan labari yana sa mu sunkuyar da kai. Kuma har gobe kuskuren da ake yi ke nan: a zauna a ofis a tsara wa makaho “taimako” ba a tambaye shi ba. A ƙasar Hausa kuwa neman wanda za a tambaya ba wuya ba ne, tunda garuruwanmu da dama suna da Sarkin Makafi da jama'arsa tun kafin zuwan Turawa, ga kuma waɗanda suka yi karatu a makarantu irin ta Gindiri, wadda aka buɗe tun 1953, da ta Tudun Maliki a Kano.

To, akwai masu ja da wannan magana tamu, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji su ba. Na farko sukan ce, makafi nawa ne ma suka iya wannan rubutu na ɗigo? Gaskiyarsu, kaɗan ne, ko a ƙasashen da suka ci gaba. Dalili kuwa shi ne yawancin masu rasa gani da girmansu suke rasa shi, kamar Malaminmu, lokacin da yatsa ya riga ya yi kanta. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, fiye da huɗu cikin kowane ɗari makafi ne, yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan, kuma abin ya fi tsanani a Arewa maso Gabas. Waɗanda ganinsu ya raunana bai tafi duka ba kuwa sun ninka waɗannan. Amma wannan hujja ba ta rushe maganarmu ba, faɗaɗa ta ta yi. Abin da ta nuna shi ne hanya ɗaya ba za ta wadatar ba. Wani rubutun ɗigo yake so. Wani, wanda shi ne mafi yawa, abin da yake bukata kawai a buga masa takardar da manyan haruffa baƙaƙe wuluk a kan farar takarda, girman 16 ko 18 maimakon 10 da ake cusa masa. Wani a turo masa saƙon murya. Wani kuma a turo masa rubutun ta waya, domin wayoyin zamani suna da manhajar da ke karanta abin da ke kan gilashi da murya, irin su TalkBack da VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka gina tun daga 2006 suka bayar kyauta. Sai dai idan hoton takarda aka ɗauka aka turo, manhajar takan yi tuntuɓe ko ta yi shiru, domin hoto ta gani, ba haruffa ba. Abin da ake nema ga ɗan kasuwa shi ne ya tambayi abokin cinikinsa tun ranar farko, “Ta wace hanya kake so mu riƙa sanar da kai?” ya rubuta amsar, ya kuma yi aiki da ita.

Na biyu sukan ce tsada. Wannan ba za mu daɗe a kansa ba. Bankin da ke iya turo mana saƙon taya murnar ranar haihuwa, ba kuɗin ƙara girman harafi ne zai karya shi ba. Mai ƙaramin kantin magani a unguwa kuwa ba wanda ya ce ya sayi injin buga ɗigo. Ya ɗaura zare ɗaya a kwalbar safe, biyu a ta dare, ya yi wa mutum bayani a hankali shi da kansa, ba ɗan jagoransa ba.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma mun jima muna juya ta. Masu ita sukan ce, mu ba Turawa ba ne da kowa ke zaune shi kaɗai. Mu mutane ne masu zumunci, makahonmu ba ya rasa ɗa ko jika ko maƙwabci da zai karanta masa, kuma a cikin wannan taimakon akwai lada da ƙarin danƙon zumunci. Idan muka mayar da komai hakki da doka, ba mu kashe tausayi ba kuwa? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba ma fatan ranar da na'ura za ta maye gurbin jika a gefen kakansa. To amma mu dubi abin da kyau. Taimakon da mutum ba shi da ikon cewa “na gode, bar shi” a kansa, ya tashi daga taimako ya koma dole. Malaminmu yana son jikokinsa su karanta masa jarida, yana jin daɗin hakan ƙwarai. Takardar bashinsa ce ba ya so su gani. Idan yana da hanyar karanta ta shi kaɗai, zumuncin bai ragu da komai ba, sai ma ya tsarkaka, domin ya zama da zaɓinsa yake neman su. Sannan kada mu manta da wanda ke biyan kuɗin wannan zumunci da muke yabo. Sau da yawa yaro ne ɗan shekara tara da ya kamata a ce yana aji, amma yana riƙe da sanda yana yawon ofis-ofis. Mu malamai mun san su, mukan ga gurbinsu a rajista.

Akwai kuma wani abu da muke jin kunyar faɗa. Mun saba ganin makaho a matsayin mai karɓa, har harshenmu ya haɗa makanta da bara kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Shi ya sa idan ya shigo kanti, mai kanti yakan laluba aljihu neman canji kafin ya ji abin da ya kawo shi, idan kuma ya zo da ɗan jagora sai a riƙa yi wa yaron magana, “Me yake so?” kamar shi ba ya wurin. Wanda ka ɗauka almajiri ba za ka taɓa tunanin yana bin ka bashin bayani ba. Alhali kowane ɗan makarantar allo ya san dalilin saukar Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zo wurin Manzon Allah (SAW) a lokacin da yake ganawa da manyan Ƙuraishawa, kuma abin da ya zo nema ilimi ne, ba sadaka ba. Daga baya shi ne ya zama ɗaya daga cikin ladanan Madina, har akan bar masa riƙon garin idan an fita. Mun haddace surar tun muna yara, amma ba mu kai ta kanti da banki ba.

Ta fuskar doka an ɗan motsa. A Tarayyar Turai, tun daga ƙarshen 2005 wajibi ne a rubuta sunan magani da rubutun ɗigo a jikin kwalinsa, shi ya sa wani lokaci mukan ji 'yan ƙuraje a kwalin maganin da aka shigo da shi daga can, mu ɗauka ado ne. A Ingila dokar 1995, da wadda ta gaje ta a 2010, sun ɗora wa mai sayar da kaya ko aiki nauyin yin gyaran da hankali zai ɗauka domin nakasasshe ya amfana. A nan gida, an sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a watan Janairun 2019, aka kafa hukumar kula da su a 2020. Hukumar zaɓe ma ta gwada wani kwali mai rubutun ɗigo da ake zura takardar ƙuri'a a ciki a zaɓen gwamnan Osun na 2018, ta kuma kai shi babban zaɓen 2019, domin makaho ya dangwala wa wanda yake so ba tare da ya raɗa wa kowa ba. Wannan ya nuna an gane cewa ƙuri'a sirri ce. Saura a gane cewa bashi ma sirri ne, haka sakamakon gwajin asibiti. Doka dai tana takarda, kuma ita ma, abin dariya abin takaici, yawancin waɗanda aka yi ta dominsu sai an karanta musu ita.

Yanzu bari mu juyo kanmu, domin wanzami ba ya son jarfa. Mu marubuta 'yan kasuwa ne, muna da abokan ciniki, kuma hajarmu rubutu ce zalla. Mu duba littattafan da muke bugawa. Don mu rage yawan shafi mu tsira da 'yar riba, mukan matse haruffa kamar ƙwayar gero, a kan takarda mai duhu, da tawadar da ta koɗe. Dattijon da ya fi kowa son karatu, wanda kuma ya fi kowa sararin yin sa, shi muka fara kora. Waɗanda suka koma sakin labaransu ta waya kuwa, wasunsu hoton shafi suke ɗauka don gudun masu satar fasaha, da haka sun toshe ƙofar da makaho zai shigo. Tsoron sata gaskiya ne, mun san yadda take cin marubuci. Amma ya kamata mu san cewa duniya ta riga ta yi magana a kan wannan. A shekarar 2013 aka ƙulla yarjejeniyar Marakesh a ƙasar Maroko, wadda ta ba da damar a mayar da littafi zuwa rubutun ɗigo ko murya ko manyan haruffa domin makafi ba tare da an jira izinin mai shi ba, muddin ba don riba aka yi ba. Nijeriya ta amince da ita a 2017, kuma sabuwar dokar hakkin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shigar da wannan tanadi. Wasu daga cikinmu za su ji kamar an yi musu ƙwace. Mu dai a ganinmu, wanda bai taɓa samun hanyar karanta littafinka ba, ba cinikinsa ka rasa ba, shi ne ya rasa ka.

Kuma wa ya fi mu sanin bashin da adabin Hausa ke ɗauke da shi na makafi? Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, tun yana ƙaramin yaro ya rasa ganinsa. Ya tsara baitocinsa a ka, wasu suka rubuta, aka buga, muka karanta su a makaranta, yau muna koyar da su muna cin abinci. Makafi masu bara kuwa su suka yi ta yawo da waƙoƙin nan ƙofa-ƙofa har suka shiga kunnen waɗanda ba su taɓa riƙe littafi ba. Sun kai mana adabi har gida a lokacin da ba mu iya karatu ba. Abin da ƙungiya irin tamu za ta iya yi bai fi ƙarfinmu ba: duk wanda zai buga littafi ya ajiye kwafinsa na haruffa a kwamfuta domin makarantun makafi, a sami masu murya mai daɗi a cikinmu su naɗi karatunsa, tunda mun ga yadda jama'a ke kasa kunne idan ana karanta littattafanmu a rediyo, a kuma riƙa fitar da ko kwafi hamsin ne masu manyan haruffa. Ita kanta wannan mujalla da ke hannun mai karatu, a duba girman rubutunta.

Washegarin ziyarar tamu, ɗayanmu ya ɗauki Malam a babur ya kai shi bankin. Ma'aikaciyar da suka samu ta karɓe su da mutunci, ta yi bayani, aka daidaita maganar cirewar. Da za su tashi sai Malam ya ce mata, “'Yata, nan gaba in za ku aiko mini da irin wannan, ba za ku kira ni a waya ba? Lambata tana wurinku.” Ta ce ai a tsarinsu babu gurbin da za ta rubuta hakan, amma za ta ajiye lambar a wayarta, ita da kanta za ta riƙa kiransa. Malam ya yi mata godiya ya sa mata albarka. Suna fitowa ya dafa kafaɗar abokin namu ya ce, “Yarinyar kirki ce. To ran da aka yi mata canjin wurin aiki fa?”